Idan Silinda Ta Mutu a Tsohon Babur: Daga Ina Ake Fara Bincike?

Tsohon babur mai silinda biyu ko huɗu ba kasafai yake mutuwa gaba ɗaya lokaci guda ba. Abin da ya fi faruwa shi ne silinda ɗaya ta daina aiki, sauran su ci gaba da jan ta. Ƙarar injin ta sauya, jijjiga ta ƙaru, a murɗa totur ƙarfi ya ƙi zuwa, salansa ta riƙa warin ɗanyen fetur, wani lokaci har ta buga kamar bindiga. A gareji sai ka ji an ce "mashin ɗin yana misin", daga nan a tura yaro ya sayo filogi. In bai yi ba a sayo koyil, wato abin da ke ƙara wa wuta ƙarfi kafin ta kai filogi. In bai yi ba a kwance kafireta a wanke. A ƙarshe mai babur ya kashe kuɗin da ya kai na gyara uku, kuma ko da matsalar ta tafi, shi da bakaniken babu wanda zai iya nuna abin da ya kore ta.

Wannan hanya ce nake ganin ta fi kowace cin kuɗi da ɓata injuna masu daraja. Injin da kansa yana faɗin inda ciwon yake, muddin an san yadda aka raba kayan aiki tsakanin silindojinsa.

Da farko a raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai silindar da ta mutu, wato ba ta kama wuta ko kaɗan. Akwai kuma wadda take kamawa tana saki. Ta farkon ta fi sauƙi, domin matsalar tana nan zaune a kowane lokaci, ana iya kama ta. Ta biyun ita ce mai wahalar da mutane, saboda tana zuwa ne a wani yanayi: sai inji ya yi zafi, ko sai an hau tudu da kaya, ko bayan an sha ruwan sama. Amma dukansu tushensu ɗaya. Tun da Nikolaus Otto ya ƙera injinsa mai bugu huɗu a 1876, buƙatun silinda ba su sauya ba: cakuɗen fetur da iska daidai gwargwado, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi. Matsi mai ƙarfi daga fistin. Sai tartsatsin wuta a daidai lokacin da ya kamata. Ɗaya ya ɓace, silinda ta yi shiru.

Kafin a taɓa sifana, a gano wace silinda ce. A tayar da injin yana sanyi, a bar shi minti ɗaya ko biyu, sannan a yayyafa ɗigon ruwa a kan bututun salansar kowace silinda, kusa da inda ya fito daga kan inji. Bututun mai rai zai ƙone ruwan nan take da ƙara, na matacciyar kuwa ruwan zai gangara kawai. Dalilin yin gwajin da wuri shi ne in inji ya daɗe yana aiki, zafin maƙwabciya yana bin ƙarfe ya ɗumama bututun matacciyar, sai a ruɗe. Kada a gwada da tafin hannu. Bututun salansa yana ɗaye fata cikin ƙiftawar ido.

Da an san wadda ta mutu, tambaya mafi muhimmanci ita ce: me wannan silinda take tarayya a kansa da 'yan'uwanta, me kuma take da shi ita kaɗai? Gidan da kowa ya ci daga tukunya ɗaya, in duk suka kwana da ciwon ciki, tukunyar ake tuhuma. In mutum ɗaya ne, sai a tambaye shi me ya ci a waje. Babura uku na kamfanin Honda sun isa su nuna yadda amsar take bambanta.

Ɗauki CD175, wanda aka ƙera daga 1967 zuwa 1979, da dangin da suka biyo bayansa irin su CD185 da CD200 Roadmaster, baburan da dattawanmu ma'aikata da malaman makaranta suka hau, waɗanda har yanzu akan ga ɗaiɗaikunsu. Silinda biyu ne, fistocin suna hawa tare suna sauka tare, amma suna kama wuta bi da bi. Kafireta ɗaya ce take ciyar da su duka, koyil ɗaya ne mai wayoyi biyu, kwantak, wato ɗan makullin da ke buɗewa da rufewa don sakin wuta a kan lokaci, shi ma ɗaya ne. To idan silindar hagu ta mutu ta dama tana aiki lafiya, me ya kai mutum wanke kafireta? Fetur ɗin da ya ishi ta dama daga can ya fito. Kwantak ma haka, shi yake ba su wuta su biyun. Abin da ya rage kaɗan ne: filogin hagu, hularsa, wayarsa, wuyan da ya haɗa kafireta da wannan silinda, bawulolinta, da ringin fistinta. Tun ba a kwance komai ba an zubar da rabin abin zargi.

CB350 mai silinda biyu, na 1968 zuwa 1973, akasin haka yake. Fistinsa ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, kowace silinda da kafiretarta, da koyil ɗinta, da kwantak ɗinta. Kusan injuna biyu ne a jiki ɗaya, don haka mutuwar gefe guda ba ta wanke komai daga zargi sai batir da tanki.

Wanda ya fi koyar da darasi shi ne CB750, wanda Honda ya nuna a baje kolin motoci na Tokyo a 1968 ya fara sayarwa a 1969. Silinda huɗu a jere, cc 736, kafireta huɗu ƙirar Keihin, amma koyil biyu kacal da kwantak biyu. Ana ƙirga silindojin daga hagu idan mutum yana zaune a kan babur. Koyil ɗaya yana ba ta 1 da ta 4 wuta, ɗayan yana ba ta 2 da ta 3. Saboda haka idan bututu biyu suka yi sanyi, kuma na 1 da na 4 ne, ko na 2 da na 3, kusan babu shakka matsalar ta wuta ce: koyil ɗin, ko kwantak ɗinsa, ko kwandensarsa mai kare bakin kwantak daga ƙonewa, ko wayar da ta haɗa su. Da wuya kafireta biyu da ke nesa da juna su toshe rana ɗaya, kuma su dace da wannan tsari. Idan kuwa biyun da suka yi rauni maƙwabtan juna ne, kamar ta 1 da ta 2, koyil ya fita, domin ba nasu ɗaya ba ne. Sai hankali ya koma kan tiyon fetur da ke ciyar da gefen, ko gaskit ɗin kan inji da ya ƙone a tsakaninsu. In kuma ɗaya ce tak, an koma ga kayanta na kanta.

Daga nan sai dabarar da ba ta cin ko kwabo, wato musanya. A cire filogin matacciyar a kai wa mai rai, a kawo na mai ran nan. A tayar, a sake gwajin ruwa. In mutuwar ta bi filogi ta koma can, an gama. In ta zauna inda take, filogi ya kuɓuta, sai a musanya hula, sannan waya. A CD175 ana iya ɗaukar wayar hagu a kai dama kai tsaye, saboda filogan biyu suna tartsatsi ne lokaci ɗaya a kowane zagaye. A CB750 ana iya musanya wayar ta 1 da ta 4, ko ta 2 da ta 3, in tsawonsu ya kai. Wanda yake son gwada koyil ɗin gaba ɗaya sai ya musanya manyan wayoyin tare da ƙananan da suka taso daga kwantak, shuɗiya ta 1 da 4, rawaya ta 2 da 3. A CB350 kuwa musanya wayar filogi kaɗai kuskure ne, domin lokacin wutar gefen biyu ba ɗaya ba ne. Sharaɗin duk wannan shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya filogi da hula da jet, wato ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kafireta, a zama guda, ko babur ya tashi bai koyi komai ba, kuma ranar da matsalar ta dawo zai fara daga farko.

Akwai gwajin da ya fi kowanne yaudarar mutane, kuma kusan kowa yana yin sa: a cire filogi, a jingina shi da jikin inji, a buga kik, a ga ɗan tartsatsi, a ce "akwai wuta". Wannan tartsatsi bai tabbatar da abin da ake zato ba. A sararin iska, wuta tana buƙatar kimanin bolt 3,000 ne ta tsallake milimita ɗaya, kuma bakin filogin waɗannan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ne. A cikin silinda kuwa, inda fistin ya matse cakuɗen ya ninka shi sau tara ko makamancin haka, ƙarfin da ake buƙata yana ninkuwa, ya kai bolt 10,000 ko fiye. Masanin kimiyya Bajamushe Friedrich Paschen ya bayyana wannan dangantaka ta matsi da tartsatsi tun 1889. Ma'anarsa ga bakanike ita ce koyil mai rauni, ko hula mai tsaga, ko filogin da farin tangaransa ya fashe ta ciki, duk suna iya nuna wuta a waje su kasa a ciki. Wutar takan bi tsagar ta sulale zuwa ƙarfe, domin nan ya fi mata sauƙi. Shi ya sa irin wannan babur yake yin silo, wato aiki a tsaye ba a murɗa totur ba, lafiya lau, amma da an buɗe totur a kan tudu, lokacin da matsi ya fi yawa, sai ya fara yankewa. Gwajin gaskiya shi ne a ga wutar ta tsallake tazarar milimita 6 ko fiye, shuɗiya, mai ƙara. Haka nan in aka tayar da babur cikin duhu, akan ga wuta tana tsalle daga tsohuwar waya zuwa jikin inji, musamman da damina in wayar ta jiƙe.

Koyil mai wayoyi biyu yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. Wutarsa tana fita ta waya ɗaya, ta tsallake filogi na farko, ta bi ƙarfen inji, ta tsallake filogi na biyu, ta koma ta ɗaya wayar. Zagaye ɗaya ne. Ɗayan filogin yana tartsatsi a silindar da ke fitar da hayaƙi, inda babu matsi, don haka ba ya cin ƙarfi sosai. Wannan yana jawo abu biyu. Hular da ta lalace a gefe ɗaya tana iya raunana ɗaya gefen, har a ɗora laifi inda ba shi ba. Sannan al'adar zare hular filogi inji yana aiki don a ji ko ƙara za ta sauya, a bar ta tana lilo a iska, tana tilasta wa wutar neman hanya ta cikin koyil ɗin kansa, ta huda rufin wayoyinsa. A baburan da ke da CDI, wato akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak, har akwatin yana iya lalacewa. In za a yi wannan gwaji, a sa wani filogi a hular a jingina shi da inji.

Hular kanta abin dubawa ce. Mafi yawan huluna suna da ɗan abin rage ƙarfin wuta a ciki, na om 5,000, wanda da tsufa yakan ƙone ko ya yi tsatsa. Mita mai araha tana nuna wannan cikin minti ɗaya. Kuma da yake hular murɗa ta ake yi a bakin waya, sau da yawa bakin ne ya yi kore; a yanke rabin santimita a sake murɗawa, silinda ta dawo.

CB750 ya yi amfani da kwantak har zuwa 1978. Tazarar bakin kwantak ɗin milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, kuma tana raguwa da kanta yayin da ɗan dunduniyar da ke gogar ƙarfe take cinyewa, sai lokacin wuta ya ja baya. Kwandensa in ta mutu, za a ga tartsatsi mai yawa a bakin kwantak inji yana aiki, bakin ya yi ramuka, babur ya riƙa yankewa in an ja shi da gudu. Kada kuma a manta waɗannan babura daga batir suke samun wutar koyil. Batir mai rauni, musamman na bolt 6 irin na CD175, yana kawo misin a silo wanda yake ɓacewa in an ƙara totur, saboda caji ya ƙaru. Mutane da yawa sun kwance kafireta a kan laifin batir.

Filogin da aka cire ma shaida ne, kada a yi saurin goge shi. In ya fito jiƙe da fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu ko matsi. In ya fito a bushe tas bayan an yi ta buga kik, fetur ne ba ya isowa. Baƙin toka mai laushi alamar fetur ya yi yawa ne, ko matatar iska (iya kilina) ta toshe, abin da ƙurar hunturu take yi cikin 'yan makonni. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai yana haurowa ta ringi ko ta hanyar bawul. Fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan, silindar tana zafi fiye da kima, kuma wannan ya fi baƙin haɗari domin yana iya huda fistin. Sai dai a riƙe cewa baƙin filogi sau da yawa sakamako ne. A sa sabo, babur ya yi kwana biyu lafiya, ya sake mutuwa, domin abin da ya kashe na farkon yana nan. Ga kuma jabun filogi masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni da suka cika kasuwa, don haka sabo ma a gwada shi a silinda mai rai kafin a yarda da shi.

Bangaren fetur ya fi damun baburan da kowace silinda take da kafiretarta, kuma ya fi kama wanda aka ajiye watanni. Fetur yana bushewa ya bar danƙo. Ƙaramin jet na silo a CB750 raminsa bai kai rabin milimita ba, don haka shi yake fara toshewa. Alamarsa a bayyane take: silindar a mace take a silo, amma da an buɗe totur ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu sai ta farka, saboda allura da babban jet sun karɓi aiki. In kuwa akasin haka ne, lafiya a ƙasa, yankewa a sama, sai a duba babban jet, ko fetur ɗin da ke isa kwanon kafireta. A ƙasan kowane kwano akwai ɗan noti na tsiyayewa. A kwance shi a tara abin da ya fito a kwalba mai haske. In babu komai, allurar fulot, wadda ke buɗe wa fetur hanyar shiga kwanon, ta maƙale. In an ga ruwa ya kwanta a ƙasa ko jan tsatsa, tanki ne, ko man da aka saya a bakin hanya. Cok ma yana taimakawa: silindar da ta farfaɗo in an ja cok, fetur take nema. Abin da nake roƙon masu gyara su daina shi ne zura wayar ƙarfe a ramin jet. Tagulla ce mai laushi, ramin yana faɗaɗa, kuma daga ranar wannan silinda ba za ta sake daidaita da sauran ba. A jiƙa shi, a hura da iska.

Robar da ta haɗa kafireta da inji, bayan shekara arba'in ko hamsin, takan bushe ta tsage, iska ta riƙa shiga ta bayan fage. Silo ya ƙi sauka bayan an saki totur, salansa ta riƙa tari. Wannan wata hanya ce da matsalar cakuɗe take iya kama gefe guda ko a babur mai kafireta ɗaya.

Matsi shi ake bari ƙarshe, amma ni ina ganin a tsohon injin da ba a san tarihinsa ba, ya kamata ya zo da wuri, domin babu filogi ko jet ɗin da zai tayar da silindar da ba ta riƙe iska. Ana gwadawa da ma'aunin matsi inji da ɗumi, an cire filogai duka an jingina su da ƙarfe, totur a buɗe har ƙarshe. Mantawa da buɗe totur yana ba da lamba ƙasa da gaskiya, har a yanke wa lafiyayyen inji hukuncin kwancewa. Lafiyayyen CB750 yana ba da wajen psi 170, tsoho yana iya ba da ƙasa da haka ya yi aiki, amma abin lura shi ne kada bambancin silindoji ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta faɗi, a zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin filogi a sake gwadawa. Lambar ta tashi sosai, ringi ne, domin man ya toshe gefensu na ɗan lokaci. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit.

Ko a nan ma kada a yi gaggawar sauke kan inji. A fara duba tafet, wato abin da ake daidaita tazarar bawul da shi. Tazarar bawul a CB750 milimita 0.05 ce a na shiga, 0.08 a na fita, inji yana sanyi, wato ba ta fi kaurin gashin kai ba. Da tsufa bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, tazarar ta ƙare, in ƙarfe ya yi zafi ya miƙe sai bawul ya kasa rufewa. Ga babur ɗin da yake tashi lafiya da safe, bayan tafiyar minti ashirin silinda ɗaya ta ɓace. Akwai bakanikan da suke ɗaure tafet tam don mai babur ya ji inji ya yi shiru ya ji daɗi. Wannan shirun yana da tsada: bawul ɗin fita yana sauke zafinsa ne ta hanyar zama a mazauninsa, in bai zauna ba sai gefensa ya ƙone. Ɗan ƙaran tafet ya fi alheri. Koyil mai tsagar ciki ma yana yin irin wannan mutuwa ta bayan zafi, kuma abin da zai raba su shi ne a gwada wuta nan take a bakin hanya, kafin inji ya huce.

Masu Bajaj Boxer da Jincheng da sauran babura masu silinda ɗaya, waɗanda su ne suka cika titunanmu yau, ba su da maƙwabciyar da za su yi musanya da ita, sai dai su ari filogi ko koyil daga babur ɗin abokin aiki. Sauran tambayoyin duk suna nan: yaushe yake yankewa, da sanyi ko da zafi, a silo ko da gudu, da kaya ko babu. Akwai ma wata da ta shafi kowane babur: wanda yake mutuwa bayan 'yan kilomitoci, a buɗe murfin tanki a ji iska ta shiga ya tashi, ƙaramin ramin numfashin murfin ne ya toshe.

Wanda silindarsa ta mutu a hanya yakan ce bari ya lallaɓa da sauran har gida, wani ma ya yi makonni a haka. Matacciyar silinda ba ta daina shan fetur ba. Ɗanyen man yana wanke baƙin man da ke jikin bangonta, ringi ya riƙa gogar ƙarfe a bushe, sauran ya gangara ƙasa ya tsinka man injin gaba ɗaya, wani kuma ya taru a salansa ya jira wuta. Matsalar da ta fara da hular filogi sai ta ƙare da sabon fistin, kuma kayan waɗannan tsofaffin injuna ba a kowace kasuwa ake samun su ba. In dole ne a ƙarasa gida, a tafi a hankali, kuma bayan gyara a zare sandar gwajin mai a shinshina. In akwai warin fetur, a juye man a zuba sabo kafin a sake hawa.